Tsarabar maƙwabta goma sha biyu

Trondheim, 9 ga Afrilu

Ibu,

Assalamu alaikum, mahaifiyata. Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar taki? Yaya babanmu Bapak da kajinsa? Yayana Mas Danu ya ce bizarki ta fito, har kin zagaye layinmu kina nuna fasfo. Alhamdulillahi!

Rigar sanyin da kika saya a kasuwar Salatiga ki bar wa Bapak ya riƙa hawa babur da ita, na tanadar miki ta gaske. Maganin gwiwa ki sa a jakar hannu.

Sai maganar tsaraba. An ce za ki soya rempeyek, biskit ɗin nan namu na gyaɗa, gwangwani goma sha biyu, kowane maƙwabcina ɗaya, wai "kar a ce uwar Sekar ta zo hannu rabbana." Ibu, mutanen nan ba su da matsala, sai dai kowa ƙofarsa a rufe. Shekarata biyu a nan Turai, sunan mutum ɗaya na sani, wata tsohuwa Solveig. Ita ma ƙaurin barkonon da nake soyawa ne ya kawo ta ƙorafi. Ta ɗanɗana, ta yi ta tari, ta ce, "'Yar nan, kashe ni za ki yi?" Sai ta ƙara cokali.

Da na so in ce ki rage kayan, amma na fasa. Ki taho da su duka. Sau nawa nake tsayawa a bakin ƙofofin nan, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Ke kuwa ban taɓa ganin ƙofar da ta gagare ki ba. Ni zan riƙe gwangwanayen, ke ki ƙwanƙwasa.

Allah ya kawo mini ke lafiya.

'Yarki,
Sekar