Takardun Albashin Gaétan

Litinin, 7 ga Nuwamba

Yau ce ranar ƙarshe ta kai rahoto, amma sai da na roƙi Gaétan sau uku kafin ya zaro takardun albashinsa daga aljihun rigar aiki. Kofi ya ɓata ɗaya. Na ɗauke su hoto na tura wa ofishin tallafi. Shekara shida muna zaune tare, shekara shida ina wannan aikin duk wata. Ba mu yi aure ba, amma a wurinsu mijina ne. Duk dala biyun da ya samu, sai su zare ɗaya daga kuɗina na nakasa.

Ya ce, "Ko magajin garinmu na Timmins ba a bin diddiginsa haka." Ban yi dariya ba.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Ƙanƙara ta sauka sosai. Kwana uku yana kan motar share ƙanƙara daga hanya, awa goma sha huɗu kullum. Ya shigo da gajiya amma bakinsa har kunne. Ni kuwa ina tsaye a taga da sandata, ina tunanin abin da za a yanke mini. Wace irin mace na zama?

Juma'a, 30 ga Disamba

Kuɗina sun shigo. Dala arba'in da ɗaya.

Takalmin sanyina na hagu ya tsage, kuma ƙafar ce ba ta jin komai, sai na dawo gida nake ganin safa a jiƙe. Na faɗa masa. Ya zaro walat ba musu, ya ce, "Nawa ne, Noreen?" Tambaya ce kawai, na sani. Amma na shige banɗaki na daɗe a zaune. Shekara goma sha tara ina wanki a gidan kula da tsofaffi kafin ciwon jijiya ya zaunar da ni. Ban taɓa yi wa namiji bayanin kuɗin takalmi ba.

Talata, 10 ga Janairu

Kamfaninsu ya yi masa tayin aikin dindindin. Ba na lokacin sanyi kaɗai ba, shekara cur, har da fansho. Yana faɗa yana kallon kwanon miyarsa.

Na kira Misis Lahti, mai riƙe da fayil ɗina a ofishin tallafi. Ta ce da wannan albashin za a rufe fayil ɗin, katin magani ma ya tafi. Allurar da ake yi mini duk wata ta fi kuɗin hayar gidan nan tsada. Inshorar kamfanin kuma ba ta ɗaukar iyalin ma'aikaci sai ya cika shekara.

Na ce, "To, shekara guda me zan yi?"

Ta ce, "Ba ni na rubuta dokar ba, Noreen."

Na ce, "In kuma ba ma tare fa?"

Ta rage murya. Sannan ta ce akwai takardar da ake cikewa in an rabu. "Rabuwa ta gaskiya nake nufi," in ji ta.

Laraba, 11 ga Janairu

Ya ce ba zai karɓa ba. Wai dama ba ya son aikin kwalta da zafi. Ƙarya yake.

Asabar, 14 ga Janairu

Ginette, yayarsa, ta kawo miyar wake. Ta jira ya fita duba mota, sannan ta ce, "Kin san wannan ne karo na uku?"

Ban sani ba. Ashe sau biyu suna yi masa tayin nan a baya, yana ƙi, bai taɓa gaya mini ba.

"Shekararsa hamsin da takwas," ta ce. "Ƙanena zai tsufa ba ko sisin fansho. Ba laifinki nake gani ba." Amma ni take kallo.

Da ta tafi na tare shi. Ya ce, "Bakin Ginette ba ya rufuwa." Na ce ya karɓi aikin, ya koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta. Ya ce na haukace. Mun yi ta yi har miyar ta huce. Daga ƙarshe ya ce, "A takarda kawai?" Na ce a takarda kawai.

Asabar, 21 ga Janairu

Ya kwashe kayansa. Jaka biyu da akwatin kayan aiki. Ban san kayansa ba su fi haka ba.

Takardar rabuwar tana tambayar ranar da zama ya ƙare. Na rubuta yau. 

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Ya zo. A bayan coci ya ajiye motar ya tako, don kada maƙwabta su gani. Muka ci abinci labule a sauke. Ya ce, "Tsofai-tsofai da mu muna soyayyar ɓoye." Wannan karon na yi dariya. Ƙarfe biyar ya tafi. Ko buroshin haƙori ba ya bari, mutanen ofishin tallafi na iya zuwa dubawa.

Talata, 28 ga Fabrairu

Kuɗin sun shigo cikakku, karo na farko cikin shekara shida. Na hau bas na je kanti. Nama, lemu, man shafawa mai ƙamshi wanda ba na buƙata. Babu wanda ya ce nawa ne.

Na ji daɗi. A nan kawai zan faɗa.

Alhamis, 16 ga Maris

Na faɗi a kicin da safe. Ƙafar ta ƙi. Wayar tana aljihuna. Na san yana kan titi, na san in na kira zai bar motar ya zo, gari duka ya gani. Kusan awa biyu ina ƙasa, ina jan jiki har na kama ƙafar tebur. Na tashi da kaina.

Ba zan gaya masa ba.

Lahadi, 19 ga Maris

Ya yi ƙiba kaɗan. Sabuwar riga. Yana ta labarin abokan aikin da ban sani ba. Ya ga shatin da ke hannuna, na ce ƙofa ce. Ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda.

Lahadi, 26 ga Maris

Bai zo ba, an kira shi aiki. Na yi barcin rana.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Ya zo da takardar inshorar kamfani, ya ja layi a ƙarƙashin wani wuri. Janairu mai zuwa za su iya sa ni a ciki. Ya ce, "Sai mu yi aure mu huta, Nor. In dawo gida. Ba ke ba ofishin nan har abada."

Ba ofis, ba kuɗina. Komai ta hannunsa, har allura.

Na ce, "Janairu da sauran nisa."

Ya daɗe yana kallona. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini komai ba. Ya ninke takardar ya bar ta a kan tebur, ya ce in yi tunani. Na ce to. Bai tsaya cin abinci ba.

Na dafa shinkafa. Ta mutum ɗaya, daidai, ko cokali ba ta rage ba. Ban san yaushe hannuna ya koyi wannan awon ba.