Jami'ar da Na Zaɓa wa Badi'a

Zuwa ga Yayana Alhaji Dalhatu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan Gwarzo lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero kuma ya fara fitar da kai a gonarmu ta Kutama.

Yaya, jikina a sanyaye nake rubuto maka. Ka tuna jami'o'i biyu na ƙasar waje da suka ba 'yarka Badi'a gurbin digiri na biyu kyauta a fannin noma. Ka ce in zaɓa mata, tunda shekara goma sha biyar ina ɗora ɗalibai a hanya. Na buɗe jerin jami'o'in duniya, na ga ɗaya ita ce ta arba'in, ɗayar tana can wajen ɗari uku. Ban ƙara duba komai ba. Na sanar da kai, ka sa albarka a kan ta arba'in, har Inna ta yi sadakar waina.

Shekaranjiya na je suna Kabo, na haɗu da Malam Uwaisu, malamin gona, ina ta yi masa alfahari. Sai ya karɓi wayata ya nuna mini ashe akwai wani jerin na fanni-fanni. A noma, waccan da na raina tana cikin goma na farko, wadda na zaɓa kuwa ko a ɗari biyu babu ita. Sunanta daga likitanci da shari'a ta samo shi. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ya fi girgiza ni, Badi'a ta sani tun farko. Da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai, ta ce ba za ta iya gyara wa Gwaggo magana ba, balle wadda Baba ya riga ya sa wa albarka.

Ranar Alhamis za a rufe karɓar amsa. Na lallashe ta ta sauya, ta ce sai da bakinka. Don Allah ka kira ta kafin ranar, ka janye maganarka. Kada ka tambaye ni wacce za ta ɗauka. Ita za ka tambaya, ka kuma yi shiru har sai ta amsa.

A gaishe mini da Hajiya Bilki, da Abdulnasir, da Zinnira. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Malama Adawiyya