Gurbin da Muke Bari a Benci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, ƙanwata, ki yi haƙuri da na ɗora miki karatun doguwar takarda, alhali na san hidimar gida da ta yara ba ta barinki ki zauna. Da waya tana shiga da ban wahalar da ke ba. Yau mako bakwai ke nan ina kiran layinki ana ce mini a kashe yake, na gwada na maigidanki shi ma haka. Da na ji direban kamfanin su maigidan naki zai taso zuwa wajenku jibi, sai na ce bari in koma irin ta da, in ɗauki biro. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da shi da yaran duka, Ya sa lalacewar waya ce kawai ko rashin sabis.

Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar Baban yara ta yi sauƙi, har ya koma yin sallah a tsaye, sai dai likita ya hana shi hawa bene, shi kuma kin san shi, sai ya faki idona ya hau. Takwararki ta gama jarrabawa tana zaman jiran sakamako, ta cika mana gida da waƙe-waƙe. Yaya Babba ya leƙo ranar Talata, ya tambaye ni ke, na ce masa kina lafiya. Bayan ya fita na zauna ina istigfari, don na faɗi abin da ban sani ba. Dalilin takardar nan ke nan. Zan faɗa miki abin da idona ya gani daban, abin da aka faɗa mini daban, Allah Ya yafe mini idan na ƙara ko na rage.

Kin san zamanmu na ranar Asabar bayan la'asar, a ɗakin da ke bayan shagon Mai Ɗinki. Mu huɗu ne tun fil azal: ni, da Mai Ɗinki, da Malama wadda ke koyar da lissafi, da ƙawarmu ta kantin magani. A dafa shayi, a jawo gwangwanin biskit, a taɓa hirar gari, ni kuma in yi ta tunatar da su cewa gulma haramun ce, su ce ai shi ya sa suke zuwa da ni, in riƙa goge musu zunubi. Shekara biyu da suka wuce ta kantin magani ta tsinto wata tsohuwar kyamara a wajen masu gwanjo, irin mai cin fim ɗin nan da sai an kai an wanke. Malama ta ce mata ga waya a hannun kowa, ke kin koma zamanin kakanni. Ita kuwa ta ce hoton waya ba ya da nauyi, wanda aka jira shi ne hoto. Tun daga nan ba mu sake shan shayi da zafinsa ba. Kofi na hanyar baki za ki ji ta ce ku tsaya, ku tsaya. Har sunan ya bi ta, kowa Ku-Tsaya yake ce mata, har mijinta.

Ga yadda take yi. Akwai dogon benci a can cikin ɗakin, ya ba ƙofa baya. Za ta jera mu a kai, ta ɗora kyamarar a kan teburin tsohon keken ɗinki da ke fuskantarmu, ta murɗa wani ɗan maɓalli da ke ƙara kamar gyare, sai ta sheƙo da gudu tana riƙe da bakin mayafi ta faɗa gefen hagu kafin ya ɗauka. Saboda haka kullum muna bar mata gurbi a hagu, kusa da ni. Ni da farko ba na son shiga, kin san yadda aka rene mu a kan hoto. Na tambayi malaminmu, ya ce na tunawa da 'yan'uwa ba laifi in ba rataye shi za a yi ana girmamawa ba. Duk da haka ina jan mayafi har goshi, ita kuma tana faɗowa sai ta dafa gwiwata tana haki tana dariya.

Na gaya miki rasuwarta a waya wata biyar da suka wuce, kwana uku kacal ta yi a kwance. Allah Ya jiƙanta da rahama. Bayan komai ya lafa mijinta ya aiko mana da kyamarar da wani gwangwanin madara cike da fim, ya ce mu muka fi cancanta da su. Wata uku ba wadda ta taɓa su. Rannan Malama ta ce zaman ya yi shiru da yawa, mu ɗauki hoto ko don tunawa da ita. Muka buɗe gwangwanin, muka tarar wasu fim ɗin an ɗaure su da jan zare, wasu ba zare. Mai Ɗinki ta ce ita a sana'arta abin da aka ɗaure shi ne wanda ba a taɓa ba, kamar sabon yadi. Muka yarda, muka sa mai zare. Malama ta murɗa maɓallin, amma da yake ƙafarta ba ta gudu, sai ta zauna a dama inda ya fi kusa. Sai da muka tashi na lura ashe mun bar gurbin hagu yadda yake. Ba wadda ta ce a bari. Jikinmu ne kawai ya saba.

Mutum ɗaya ya rage a garin nan mai wanke irin wannan fim, wani dattijo a lungun masu gyaran agogo, shi ma sai ya tara da yawa yake haɗa ruwan. Sai Asabar ɗin da ta wuce muka karɓo. Muka buɗe ambulan a kan tebur, rana tsaka, ƙofa a buɗe, ana jin keken yaran shago yana aiki. Auta, ga mu nan mu uku a benci, kuma ga Ku-Tsaya a gurbinta. Tana zaune a gefena da mayafinta mai ruwan toka, tana dariyar nan tata, sai dai ana hango zanen bango ta cikin ƙirjinta. Hoto ashirin da huɗu, ba wanda babu ita. A wani ta karkata kai kamar za ta kwantar a kafaɗata. Malama, wadda ke cewa ita ba ta yarda da abin da ba ya lissaftuwa, ita ta fara zubar da shayi a zaninta.

Ban bari mun kwana da shi ba. Muka ɗunguma wajen dattijon. Ya ɗaga baƙin fim ɗin a hasken taga, ya yi dariya har da tari, ya ce mata da kayan maza sai an yi haka. Ya ce fim ɗin an riga an ɗauka a kansa, mu muka zo muka sake ɗauka, hoto ya hau kan hoto. Ashe zaren alamarta ce ta wanda ta gama, mu muka karanta a juye. Nan Mai Ɗinki ta dafe kai ta tuna: kwana goma kafin ciwon, Ku-Tsaya ta kai maɓallin gyara, ta zo da hantsi ita kaɗai ta shige ɗakin baya tana gwada shi, tana murɗawa tana gudu tana zama a gurbinta, benci ba kowa, har ta cinye fim guda. Tebur ɗaya, benci ɗaya, dole ta faɗo inda ta faɗo. Muka sauke ajiyar zuciya. Malama ta ce ita dama ta sani, Mai Ɗinki ta ce zaninki ne bai sani ba. Muka yi dariya har muka koma kuka a bakin titi, don ko a mace sai da ta sa muka tsaya.

Da a nan ya ƙare da labarin dariya zan ba ki. Ni aka ba ajiyar hotunan. Washegari da safe, bayan yara sun fita, na sa tabarau na zauna bakin taga ina jera su bisa lambar da ke bayansu. A na ashirin da biyu na ga wata mace tsaye a bakin ƙofar ɗakin, bayan benci, dishi-dishi kamar yadda marigayiya ta fito. Da yake an saita kyamarar don masu zama, kanta bai shiga ba, daga kafaɗa ne zuwa ƙasa. A na ashirin da uku ta baro ƙofar, tana tsakiyar ɗaki. A na ƙarshe tana tsaye daf da bayan Ku-Tsaya, ta ɗora hannun dama a kafaɗarta. Ita kuwa Ku-Tsaya a wannan ɗin ba ta dariya. Ba tsoro ba ne a fuskarta, kamar dai wadda aka ce da ita taso mu tafi, tana cewa to.

Hannun ne ya hana ni cin abinci. Akwai tabo a bayansa, daga gindin babban yatsa ya lanƙwasa zuwa wuyan hannu. Ni na san tabon nan, don ni na bar dutsen guga a ƙasa ranar da kika rarrafo kika dafa, ni Inna ta daka, ni kuma na yi wata guda ina shafa miki magani. A yatsan tsakiya akwai zobe mai faɗi mai tsaga a gefe, irin na Inna da ya faɗo a rabonki. Na koma wajen dattijon ni kaɗai, ya ba ni gilashinsa na ƙara girma, na duba har idona ya yi ruwa. Na tambaye shi ko a ɗauka ta farko matar ta shiga ko a ta biyu. Ya ce wannan kam ba mai iya rabawa, in hoto ya hau hoto sun zama ɗaya. Ya ce mata masu tabo a hannu ba sa ƙirguwa, in je in huta. Gaskiya ya faɗa, na kuma yi masa godiya.

Na tambayi Mai Ɗinki ba tare da na ambace ki ba. Ta ce ranar da marigayiya ke gwajinta, ita tana bakin teburin shago tana yankan yadi tun safe, kuma ɗakin ba shi da wata ƙofa sai ta shago, ko kyanwa ba ta wuce ta ba. Ban sa ta rantse ba, ba na son sa mutum rantsuwa. Ranar da muka yi namu kuwa ina wurin, mu uku ne, ƙofa a rufe da sakata saboda Malama ta cire mayafi. Na miƙa wa Mai Ɗinki hoton. Ta daɗe tana kallo, ita da ta auna ki ta ɗinka miki kaya ba sau ɗaya ba. Sai ta kife shi a kan teburin, ta ce a hankali:

"Yaya, yaushe rabon da ki ji muryar Auta?"

Na dawo gida na duba kalandar kicin, inda nake yi wa ranaku alama. Mun yi magana da ke ranar Alhamis, muka ɗauki hoton nan Asabar, na kira ki Lahadi ban same ki ba. Ban ce wannan yana nufin wani abu ba. Gaibu na Allah ne Shi kaɗai, takarda da ruwan magani ba su san kome ba, kuma ina neman tsari daga camfi. Na yi addu'o'in da aka koya mana, na yi sadaka. Amma ni 'yar Adam ce, kuma ni na goya ki.

Malama ta ce a ƙona su duka a huta, tun da zaman ɗakin ya gagara, kowa ta shigo sai ta ƙi bencin ta nemi kujera. Na roƙe su su ba ni mako biyu. Baban yara ban gaya masa ba, don zai ce zai kamo hanya da gwiwar nan.

Ga abin da nake so ki faɗa mini, kada ki ji nauyina. Rabonki da garin nan shekara uku, kyamarar kuwa shekararta biyu. Idan kin taɓa shigowa a ɓoye, ko ganin likita, ko wata damuwa tsakaninki da maigidanki da ba ki so in sani, kika biya wajen Ku-Tsaya ta rufa miki asiri, Mai Ɗinki kuma ta kau da kai, to ki faɗa. Wallahi ba zan yi fushi ba, kin san kuwa ba na rantsuwa a banza. Kwana shida ke nan ina roƙon Allah Ya sa ƙanwata ta zo har unguwarmu ta wuce ƙofata ba ta shigo ba. Ban taɓa zaton zan roƙi irin wannan ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da Mai Sunan Baba, da 'yan biyu, da surukarki idan har yanzu tana wurinku. Baban yara da takwararki da Yaya Babba suna gaisuwa. Direban zai kwana biyu ya juyo. Kada ki ba shi saƙon baka, kada kuma ki sa yara su rubuta. Ko layi ɗaya ne, ki rubuto da hannunki, ki ba shi ya taho mini da shi. Don Allah kada ki jinkirta.

Wassalam.
Yayarki.