Rijiyar Bayan Tashar Nyanya

Zuwa ga Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar da ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya, na rubuto ne in ba ki labarin aikin da kika bari a hannuna, na koya wa nas-nas ɗin ƙananan asibitoci tsaftar muhalli.

Tun dawowar mulkin farar hula, ko'ina a Abuja gini ne ke tashi. Amma da na kai wa oga maganar bitar bana, sai ya ce babu kuɗin ɗakin taro, babu na mota, in yi da abin da ya samu. Abin da ya samu kuwa 'yan kwalaben gwajin ruwa ne da ragowar hodar kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa.

Na tuna kina cewa nas ɗin da ba ta san inda majinyacinta ke ɗiban ruwa ba, rabin aikinta ta sani. Sai na kwashe ɗalibaina a motar haya muka nufi Nyanya, domin tun farkon damina daga wani layi a bayan tasha ake ta kawo mana yara masu amai da gudawa.

Rijiyar tana cikin gidan hayar wani Alhaji, Bakatsine mai shagon hatsi. Masai na dab da ita. A nan 'yan garuwa ke cika jarkokinsu su zagaya unguwa.

Muna cikin ɗiban ruwa a kwalba wani ya ce gwamnati ce ta turo a rufe rijiya. Kin san lokacin ana ta rusau, duk wanda ya shigo unguwa da kayan ma'aikata abin tsoro ne. Kafin mu ankara 'yan garuwan sun gindaya kurar ruwa a bakin ƙofa sun tsaya. Babu mai ɗaga murya, shi ya fi razana ni. Ƙaramar cikin ɗalibaina ta riƙe gefen hijabina. Ni na kawo su, Yaya, kuma ƙofar ɗaya ce.

Alhaji ya iso ya ce, "Hajiya, in kin rufe, waɗannan su ci me? Unguwa ta sha me?" Gaskiyarsa ce, don famfo bai taɓa kawo ruwa layin ba.

Sista Grace ce, wata ɗalibata 'yar Karu, ta matso da Hausarta ta 'yan koyo. "Oga, mu ba rufe ya kawo mu ba. Ajiye kwalba nan a shago naka. In ya yi baƙi, ruwa ba kyau. Kai ne za ka faɗa mana." Ya miƙo hannu ya karɓa. Sannan ya sa kwalbar a aljihu, ya ce a ba mu hanya.

Ranar da muka koma, ruwan ya yi baƙi ƙirin, har Alhaji ya riga ya nuna wa jama'a a ƙofar masallaci. Bai rufe rijiya ba. Masai ɗin ya toshe, ya yarda a riƙa sa kulorin a kowace jarka. Ɗalibaina suka zauna kan benci suna nuna wa 'yan garuwan da suka tare mu yadda ake aunawa. Jarrabawarsu ke nan.

Sai dai a kwanakin da muke jiran kwalba an kawo mana wata yarinya daga layin, ba ta koma gida ba. Ke kaɗai za ki gane abin da ya sa in an ce min sannu da nasara nake yin shiru. Ga ruwan sama bai ɗauke ba, hodar kuma ta kusa ƙarewa. Na yi kewarki, Yayata. Sau da yawa sai na ɗauko waya zan nemi shawararki nake tunawa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya jiƙan yarinyar nan, Ya ba uwarta haƙuri, Ya tsare sauran yaran layin har damina ta wuce.

Ƙanwarki,
Hadiza