Tagar Rediyo

Litinin, 23 ga Maris
An rufe jami'a saboda annoba. Kowa ya ja akwatinsa. Ni Mama ta ce in dakata, an rufe hanyoyi, ga Baba da ciwon ƙirji. "Ki yi haƙuri, 'yar nan." Na ce ba komai. Da komai.

Asabar, 28 ga Maris
Duk ginin kwanan ɗaliban nan mu biyu muka rage, ni da wadda muke kira Rediyo. A rasa wadda za a bar ni da ita sai uwar surutun ajinmu! Tagarta na kallon tawa.

Alhamis, 9 ga Afrilu
Kullum da safe sai ta leƙo ta fara: an ɗage jarrabawa, an mayar da ɗakin wasanni wurin killace marasa lafiya, mai gadi ya ɗaura wa kyanwarsa takunkumi. Oho inda take samo su. Na rufe tagata. Amma dai na ji.

Talata, 21 ga Afrilu
Darasi ta waya, muryar malam sai yankewa take. Yau in ban da salla ban buɗe baki ba.

Lahadi, 26 ga Afrilu
Rediyo ta ce, "'Yar'uwa, tsohon nan na ɗakin karatu ya rasu." Shi ne mai ajiye min kujerar kusa da fanka. Ba a bar kowa ya raka shi ba. Muka tsaya, kowa a tagarta, mun daɗe. Ban taɓa ganin bakinta a rufe ba sai yau.

Laraba, 6 ga Mayu
Ba ta leƙo ba.

Alhamis, 7 ga Mayu
Na buga mata ƙofa. Tari kawai. "Kar ki shigo, don Allah." Na kira asibitin makaranta, suka zo a lulluɓe, ido kaɗai ake gani. Ana fita da ita ta ce, "In Innata ta kira ki, ki ce wayata ce ta lalace. Hawan jini gare ta." Ashe lambata ta ba ta.

Laraba, 13 ga Mayu
Innarta ta kira. Na yi ƙaryar. Ta sa min albarka har sai da na zauna a ƙasa.
An ce an sa mata robar numfashi. Ginin nan ko famfo ya ɗiga ina ji.

Juma'a, 22 ga Mayu
An buɗe hanya. Mama ta ce in biyo motar Litinin, Baba na ta tambayata. Nas kuma ta ce za a sallami Rediyo makon gobe, sai dai ko matakala ba za ta iya hawa ba tukuna.
Na ce wa Mama sai na gama babi na uku na kundin bincikena. Tuni na gama shi.
Na karɓi makullin ɗakin ƙasa wurin mai gadi, na share, na jawo katifa biyu. Saboda matakala ne kawai.