Ƙarfen Naɗin da Ka Zaɓa

Zuwa ga Yaya Habu, a Yanbu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, direban nan ɗan unguwarmu ya isar min da saƙonka. Ya ce ranar Juma'a za ka shigo Madina, kana so a kai ka kabarin Inna. Madalla da kai.

Kafin ka zo, bari in ba ka labarin kaset ɗinka, wanda ka aiko daf da azumi. Ka san idonta ya riga ya tafi. Ta sa na yi mata wanka, ta ɗaura sabon kallabi, wai ɗanta zai yi magana. Muka kunna.

Gaba da baya, Yaya, zancen jirgin ruwan Baturen da kake wa aiki ne. Ƙarfen da ke naɗe ƙyallen kama iska na gaban jirgi ya ci tsatsa, an bar maka zaɓen sabo. Akwai mai buɗaɗɗen kasko da ake ganin igiya a ciki, akwai rufaffe da gishiri ba ya shiga amma in ya cije sai an kwance shi. Ka auna wannan, ka auna wancan, har da dariya. Ka fara cewa "Inna kuma" ke nan kaset ya ƙare.

Ni na so in jefa shi a shara. Ita kuwa kullum sai an kunna. Matar da rabonta da teku tun tsallakowarsu da Baba daga Sudan, ta koma tana musu da matan unguwar Ƙurban a kan ƙarfen jirgi. "Mai buɗaɗɗen zai ɗauka," in ji ta, "Habu ba ya son abin da ba ya ganin cikinsa." Tana faɗa tana fari da idon da ba ya gani, abin ya ba ni haushi ya ba ni tausayi.

Da ciwo ya kwantar da ita aka buga waya tashar jiragen ruwanku. Aka ce kun fita teku gwajin sabon ƙarfe. Ina fata ya naɗe lafiya.

Ban manta ba, kai ne ke goya ni zuwa unguwar Anbariyya ka saya min burodin tamis da zafinsa, kana hura min. Wannan Habun har yau ina sonsa. Shi na yi ta dubawa a bakin ƙofa ranar da aka fito da makara.

Yanzu maganar kabari. Ka san mata ba sa shiga maƙabartar Baƙi'a. Na bi su har bakin katanga, daga nan aka tsayar da ni. Waɗanda suka shiga da ita baƙi ne daga cikin masallata, alhazan da suka sa kafaɗa don lada suka koma ƙasashensu. Maƙwabcinmu tsoho da ya rage, cunkoso ya raba shi da su. Ba suna a wurin, ba alama, ƙasa ce da duwatsu iri ɗaya. Mutum ɗaya ne a duniya da ya kamata ya sauka cikin ramin ya riƙe wurin a kansa, ya dawo ya nuna min da yatsa ta tsakanin ƙarafan katanga.

To ka zo. Ƙofa a buɗe take gare ka, kai namiji. Ka shiga ka zaɓa, tunda ka iya zaɓe.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta duk inda yake. Kai kuma Allah ya ja kwananka, ya bar maka hankalinka garau.

Ƙanwarka,
Sa'adatu