Kwamfutar da Na Zaɓa wa Auta

Litinin, 5 ga Mayu

Malamar su Auta ta aiko da saƙo, wai yana da kyau a samar mata 'yar kwamfuta a gida, irin ta yara mai kama da allo, wadda ake dangwala wa yatsa. "Yana da kyau." Na tsufa ina gyaran rubutun mutane a maɗaba'a, na kuma san duk jimlar da ta fara da "yana da kyau", akwai wanda zai ci abinci a ƙarshenta. Yarinya 'yar shekara huɗu, takalmin dama ma a ƙafar hagu take sa shi. Me za ta lissafa?

Maman Auta ta yarda nan take. Ina zargin tun kafin saƙon ya iso ta yarda. Ina ma zargin su biyu suka haɗa shi a bakin ƙofar makaranta.

Laraba, 7 ga Mayu

Na kawo hujjojina a kan abinci: tsada, lalacewar ido, yaran yanzu da ba su iya riƙe fensir ba. Maman Auta ta bari na gama tsaf, tana ta yanka albasa, sannan ta ce, "Baban Auta, ba tsada ce ta dame ka ba. Tsoro kake yarinyar nan ta samu wanda ya fi ka iya kukan jaki."

Na yi dariya, don ta ga abin bai taɓa ni ba. Na rubuta shi a nan ne kawai saboda tarihi ya san irin ƙazafin da ake yi mini a gidana.

Amma dai. In na dawo daga aiki, kafin in cire takalmi, Auta ta jawo littafin dabbobin nan da bangonsa ya rabu, ta haye cinyata, ta kama yatsana ta ɗora a kan shafi kamar ita ta haife ni. Ni ne jaki, ni ne zakara, ni ne giwa mai mura. Yayyenta biyu ma haka suka yi a zamaninsu, har ranar da waya ta shigo hannunsu. Daga nan tsakiyar kansu kawai nake gani, har suka girma suka tafi. Ita kaɗai ta rage mini, kuma ta zo a makare, lokacin da gwiwata ta fara ƙara.

Asabar, 10 ga Mayu

Na je layin masu kayan lantarki, leƙe kawai. Na kwana biyu ina karatu a kan abin, don kada wani yaro ya yi mini surutu da kalmomin da shi ma bai san ma'anarsu ba.

Shago na uku na wani mutum ne mai ƙaramin gemu da ƙaton murmushi. Maƙwabtansa Garanti suke ce masa, ban daɗe ba na gane dalili. Kujerar da ya ba ni ma sai da ya ce mai garanti ce.

Ya baje mini kala uku. Ta farko sabuwa fil a kwali, kuɗinta zai sa mutum ya sake duba takardar albashinsa ko an yi kuskure. Ta biyu ruwan hoda, da kunnuwan zomo, tana waƙa da kanta tun ba a taɓa ta ba. Na latsa ko'ina, waƙar dai ita ce. Wannan abin wasa ne aka sa masa rigar kwamfuta. Na gaya masa haka. Ya ce, "Yallaɓai, kai da gani ka san kaya." Ba na son mai sayarwa ya yabe ni, sai in ji kamar ana auna wuyana.

Ta uku ta hannu ce, an yi amfani da ita amma da sauranta, cikin rigar roba mai kauri da maɗauki. Ya sake ta daga tsayin ƙugu ta faɗi ƙasa, ya ɗauka, tana aiki. Na tabbata akwai wurin da ya saba jefa ta, inda siminti ya fi laushi. Akwai wasannin haruffa da ƙirga a ciki, ba sai an haɗa ta da intanet ba, wanda ya rage mini hujja ɗaya.

Na ce zan yi tunani. Ya ce tunani ma yana da kyau.

Lahadi, 11 ga Mayu

Malamar ta ba Maman Auta kwatancen shagon da iyaye ke saye. Shagon Garanti ne. To.

Talata, 13 ga Mayu

Na bi ta layin bayan aiki, kamar hanya ce ta kawo ni. Cikin hira da Garanti na jefa maganar malamar, ina kallon idonsa. Ya ce bai san ta ba. Ko ya san ta ai abin da zai faɗa ke nan.

A gida Auta ta tambaye ni ko kwamfutarta za ta iya cin abinci. Wato har an gaya mata. An gama shari'a, ni ake jira in sa hannu.

Asabar, 17 ga Mayu

Na sayo.

Yadda aka yi: masu rigar roban guda biyu ne ashe, iri ɗaya, launi ɗaya. Ɗaya ta fi araha sosai. Na tambayi Garanti dalili, ina jiran ƙarya. Sai ya ce batirinta ya gaji, da ƙyar take yin rabin awa ta mutu. "Wannan kam, yallaɓai, ba zan ba ka garanti ba." Har maƙwabcinsa ya leƙo, don bai taɓa jin haka daga bakinsa ba.

Na tsaya ina juya ta a hannu. Maman Auta ta riga ta kafa doka: sai an tashi daga barcin rana an yi wanka za a ba ta, kuma ba a taɓa ta tana jikin caji, don tsoron wuta. Daga wanka zuwa dawowata akwai abin da ya fi awa guda.

Ya ce in ƙara kaɗan in ɗauki mai lafiyar. Na ce wannan ta yi. Ya sake faɗa. Na ce ni na san abin da nake so.

A gida na ce na samu araha, kuma masana sun ce bai kamata ƙaramin yaro ya daɗe a gaban allo ba. Duka biyun gaskiya ne, ana iya bincikawa. Maganar batir ba wanda ya tambaye ni.

Litinin, 19 ga Mayu

Na dawo na tarar da kwamfutar a kan kabad, fuska baƙa ƙirin, igiyar caji a gindi. Auta a bakin ƙofa da littafi. Giwa ta yi mura yau har da atishawa.

Kimiyya abin girmamawa ce in an san yadda za a zauna da ita.

Alhamis, 22 ga Mayu

Akwai muryar wata mata a ciki. In yaro ya dace ta ce "Madalla!", in ya kuskure ta ce "Sake gwadawa." Auta ta raɗa mata suna Anti. Ban yarda da matar nan ba. Duk wanda ke cewa madalla sau ɗari a wuni da murya iri ɗaya, ba daga zuciyarsa take fitowa ba. Na yi aiki da manaja irinta.

Maman Auta ta yi ƙorafi wai abin ba ya daɗewa. Na ce haka na hannu suke.

Wani abu kaɗan: da muna karatu na nuna harafi na ce wa Auta wannan fa? Da can ko ba ta sani ba sai ta kwatsa wani abu da ƙarfi, ta ce ni ne ban iya ba. Yau ta kalli harafin, ta kalle ni, ta cusa kai a hammatata. Wataƙila barci ne.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ina gida, na zauna da jarida inda zan iya hangen Auta.

Wasan da sauƙi yake farawa: taɓa ƙwallo, taɓa kifi. Madalla, madalla. Yana tafiya yana ƙara wuya, har a zo inda za ta bi layin harafi da yatsa. Nan yatsan ya fara tsayawa a sama, kamar mai shirin taɓa tukunya da zafi. Ta taɓa. Sake gwadawa. Ta ja numfashi, ta taɓa. Sake gwadawa. Sai allon ya ɗauke.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta kife kwamfutar a kan kujera a hankali, ta shafa bayan robar, ta ce ƙasa-ƙasa, "Yi haƙuri, Anti."

Na karanta layi ɗaya na jaridar nan har ban san iyaka ba. Akwai waƙafi a inda bai kamata ba.

Talata, 27 ga Mayu

Maman Auta na da asibiti da safe, ni na kai Auta makaranta. Na ce yau zan ga malamar nan ido da ido, in ga ko ta yi sabon takalmi.

Ita ta fara tare ni. Ta bari Auta ta shige, sannan ta ce, "Baba, don Allah akwai mai yi mata faɗa a gida in ta yi kuskure?" Na ce a gidana? Ta ce yarinyar da ke ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba, yanzu ta koma bayan aji. Jiya ta matsa mata ta faɗi launin kofi, sai ta ce ba za ta faɗa ba, "kar ki mutu."

Ta ce ita abin ya ɗaure mata kai, ko an yi rasuwa ne a dangi? Na ce ba a yi ba. Na ce zan bincika.

Na manta ban duba takalmin ba.

A wurin aiki na bar "ranar" ta fita "rarar" a katin bikin wani. Mai injin ya gano, ya zagaya da shi ofis-ofis kamar ya ci kofi.

Laraba, 28 ga Mayu

Na zaunar da Auta na yi mata bayanin batir. Na kawo tocila, na cire, na mayar, na ce kin gani, yunwa ce kawai, Anti ba ta fushi. Na yi bayani mai kyau, ko a jami'a za a tafa. Ta saurara har ƙarshe da ladabi, sannan ta ce, "Amma sai na yi ba daidai ba take mutuwa."

Ta fi ni hujja. Abin da ta gani da idonta ke nan kullum.

Maman Auta na tsaye a ƙofar kicin da ludayi. Bayan yarinyar ta fita ta ce, "Kai da ka kwana biyu kana karatu a kan kwamfutar nan, kai da ɗigo ba ya wuce ka, batir ne kawai ya wuce ka?" Na ce kuskure kan wuce kowa, ko jiya ma an yi a ofis. Ta ce, "Uhm." Na zauna da matar nan shekaru masu yawa, na san "uhm" ɗinta kala-kala. Wannan mai tsawo ne.

Juma'a, 30 ga Mayu

Yau Auta ba ta karɓi kwamfutar ba ma. Wai Anti ta huta. Ta hau cinyata, ta bar ni ina ta kuka ni kaɗai, dabba bayan dabba. Abin da nake so ke nan ai.

Asabar, 31 ga Mayu

Garanti ya gan ni tun daga nesa, murmushin ya ƙara faɗi. "Yallaɓai, ai na gaya maka." Na ce ban zo jin tarihi ba, a sa sabon batir. Mai lafiyar an riga an saye ta, kuma kuɗin batirin ya haura ragin da na samu. Murmushi kawai ya ƙara yi, wanda ya fi ciwo.

Na tsaya a kansa har ya buɗe, na karanta rubutun jikin batirin da kaina, na sa ya ba ni tsohon a leda don kada ya sayar wa wani uban. Ya tambaya ko yarinyar na jin daɗinta. Na ce ya kula da aikinsa, ga ƙaramar ƙusar kwamfutar can tana gangarawa.

Talata, 3 ga Yuni

Ba kowa a bakin ƙofa.

Auta na kan tabarma a falo, ƙafa a miƙe, Anti a cinya. Maman Auta ta yi mini alama da ido in yi shiru. Tun jiya, in ji ta, yarinyar ke wani abu: da gangan take taɓa wanda ba daidai ba. A ce taɓa kifi, ta taɓa ƙwallo, ta tsaya tana kallon allon ta wutsiyar ido. Sake gwadawa. Ta ƙara taɓa ƙwallo. Sake gwadawa. Ta yi ta yi, tana jira ta kama matar da ƙarya. Ban san inda ta gado rashin yarda da mutane ba.

Ina tsaye ta yi na ƙarshe, allon bai ɗauke ba, ta fashe da dariya har da faɗuwa ta baya. "Baba, ba ta mutuwa! Ko na yi banza-banza!"

Na cire takalmi, na ci abinci, na wanke hannu, ba ta ɗago ba. Uwarta ta ƙara dokar lokaci tun da aka sa batir, saura kaɗan a karɓe kwamfutar. Na duba, kusancin allo da ido bai yi mini ba, kuma dole wani babba ya san abin da matar nan ke koya wa 'yar mutane. Don haka na sauka kan tabarmar, gwiwa na ƙara. Dalilin ke nan.

Ta ce, "Baba, matsa, kana tare mini haske."

Na matsa. Kaɗan.